Takardar Awo

Tun asuba na bar wa Barikisu tukunyar koko,
na ce kada ta ba direbobin Aboabo bashi.
Ƙafata ta ƙi shiga takalmi,
silifas ɗin maigida na ja har Manhiya,
katin inshora a ƙulle a bakin zane.

Bencin nan ya san nauyinmu.
Mu arba'in da 'yan kai, kowa da tulunta a gaba,
fanka ɗaya tana juya zafi daga wannan kai zuwa wancan.

Madam Pokuwa ta ɗaga biro.
Shekara nawa?
Na ce Inna ta ce shekarar yunwa ce,
da wuta ta lashe gonaki har bakin Ejura.
Ta rubuta arba'in da ɗaya.

Karatu?
Izu biyar a allo, aji uku a boko,
amma ban taɓa cinye canjin kowa ba.
Ta ja ɗan layi a inda aka ce firamare.

Sana'a?
Wuta tun ƙarfe uku, gasara, tankaɗe, hayaƙi.
Ta rubuta ciniki.

Ciki na nawa?
Na bakwai.
Masu rai?
Huɗu.
Gidan amsar bai fi ƙwayar wake ba.
Ina zan sa wanda ya koma ran jajiberin suna,
rago na ɗaure a ƙofa?
Ina zan sa wanda ya zube a wata na biyar
ina tsaka da kwashe ƙosai?
Biro ya wuce layi na gaba.

Aka naɗe min hannu, abin ya kumbura, ya saki.
Ta dubi agogon, ta dube ni, ta sake.
Jininki ya hau, Sahura.
Rage gishiri, rage dunƙule, ki huta.
Hutu!
Dariya ta kama matan benci har wata ta riƙe ƙugu.

Kusa da ni Fuseina ce, 'yar Walewale,
mai dakon kaya a Kejetiya.
Ba ta jin Tuwi, Hausarta guntu-guntu,
sai na zama bakinta.
Sha tara, in ji ta. Na fari.
Wata shida, yau ta fara zuwa,
don ranar awo ranar da ba kwabo ce.
Madam ta janye fatar idonta:
fari fat, kamar cikin ƙwarya.
Me kike ci?
Ta buɗe tafi, ga guntun farar ƙasa.
Ina kike kwana?
Wannan ban fassara ba.
Na ce dai, gidan sauro ba shi da inda za a rataya.

Sai aka kwantar da ni, aka shafa mai sanyi,
aka ɗora ɗan ƙarfe a cibiya.
Shiru.
Na ƙirga silin, na ƙirga zunubaina.
Can sai ga shi,
kat-kat-kat-kat,
kamar keken ɗinkin Baba Issaka daren sallah,
yana sauri, bai san hawan jini ba,
bai san kuɗin gawayi ba.

A bakin ƙofa na ƙirga wa Fuseina jajayen ƙwayoyinta,
ɗaya kullum, ba da shayi ba.
Na ce Alhamis ki zo bayan masallacin Aboabo,
akwai ayoyo, zan sa hanta.
Ta ce to, irin to ɗin da ba a rubutawa.

Na dawo azahar, takarda a jaka, ƙafa kamar turmi.
Barikisu ta ba mutum uku bashi.