Mai Tarkon Rana

Da sanyi ka zo mana, Mariki,
watan da muke ƙudundune a bakin murhu,
kai kuwa daga kai sai singileti, kana dariya,
wai a ƙasarku wannan shi ake kira zafi.
Na ce da Tabawa, ƙyale shi,
bazara ba ta aiko da wasiƙa.

Faifan gilashi goma sha biyu ka kafa
a bayan asibitin Auyo, suna kallon sama.
Tarkon rana ne, ka ce,
ita za ta jawo mana ruwa daga gaba arba'in.
Tarko ya kama. Famfo ya yi tari, ya zubo.
Sai ranar ta waiwayo
tana tambayar wanda ya ɗana.

Afrilu.
Kwanon ɗakinka na ƙas-ƙas kamar mai taunar aya.
Wayarka ta suma a aljihu.
Ka ɗauki sifana da azahar, ka yar,
ka yi wata ashar da yarenku
wadda har yau yara ke yi wa jakuna.
Wuyanka ya yi ja kamar tattasan fadama,
ƙuraje suka yi maka sarƙa.

An ce mai haƙuri yakan dafa dutse.
A nan rana ce ke dafawa,
namu dai mu san inda za mu taka.

Ka kulle ƙofa, ka kulle taga, ka saki fanka
tana juya maka wutar da ka tara.
Dare na uku na ajiye sandata na ƙwanƙwasa.
Fito, na ce, ɗaki ba na mutum ba ne a watan nan.
Na yayyafa wa tsakar gida ruwa har ƙasa ta yi ajiyar zuciya,
na shimfiɗa tabarma, na jiƙa mayafin Tabawa, na matse.
Ka lulluɓa kana kallona kamar mai shirin yi maka wanka.
Kafin zakara ya yi cara na ji minsharinka.
Da safe na kakkaɓe maka takalmi,
kunama ta faɗo, ita ma inuwa ta zo nema.

Ka koyi randa, wadda aka binne gindinta a jiƙaƙƙen yashi.
Ka koyi kunun tsamiya, bayan ka yatsine fuska sau biyu.
Ka koyi cewa daga azahar zuwa la'asar
ba a jayayya da sama,
ko ƙadangare ya san wannan.
Amma kullum sai ka rubuta a ɗan littafinka:
arba'in da uku, arba'in da huɗu.
Daina ƙirga ta, na ce, ba bashi take bin ka ba.

Wani dare ka nuna min hoton 'yarka
tsaye a tsakiyar kogi, da takalmi, ruwan ya zama dutse.
Ban musa ba, baƙo ba a ƙaryata shi a gabansa.
Ka ɗora wayar a ƙirji, ka yi shiru mai tsawo.
Nan na gane akwai zafin da jiƙaƙƙen mayafi ba ya kaiwa.

Washegari na kai ka gindin gawon bakin gonar Cindo.
Duba, na ce, kowa ya tuɓe, shi ya sa riga.
Damina na zuwa, kowa zai yi kore, shi zai tuɓe.
Lokacinsa daban ne da na gari,
amma a inuwarsa awaki suke wuni.

Jiya hadari ya haɗo ta gabas, ya yi ƙarya, ya watse.
Yau na same ka a rumfar Talle mai shayi,
mafici a hannu, rigar shadda har gwiwa.
Wani ya wuce ya ce, Mariki, yaya zafi?
Ba ka ɗago ba ma.
Ka ce, lokacinsa ne.