Jinin Wani

Zoben ne ya fara gaya mini.
A wata na bakwai ya ƙi fita,
na sa sabulu, na sa man gyaɗa,
yatsa ya cika kamar dafaffen rogo.
Sahabi ya kai ni wurin maƙerin fari a Ƙofar Rini,
ya datse shi, ya miƙo mini gutsure biyu a takarda.
Inna ta ce, "Cikin fari ya gaji haka,
ni ma da cikinki takalmi ya ƙi ni."
Na yarda.
Ni da nake koya wa yara lissafi a Mabera,
na iya ƙirga makonni,
ban iya karanta ƙafafuna ba.

Daren Talata, bazara ta zauna wa gari a ƙirji,
ba wuta, ba iska, muka yi shimfiɗa a tsakar gida.
Kaina ya sara.
Na ga taurari bibbiyu,
na ga wasu da ba a sama suke ba.

Daga nan labarin ba nawa ba ne,
a bakin mutane na tsince shi.
Wai na taune harshe.
Wai jikina ya yi ta jijjiga, mutum uku suka kasa riƙe ni.
Wai Inna ta fita titi ba mayafi,
Inna, da ko zaure ba ta leƙawa kai a buɗe,
ta tare wani mai keke da ya tashi aiki.

A asibiti aka ce sai aiki, yanzu.
Sahabi ya sa hannu, biro na zame masa.
Ƙarfe uku suka ciro ta.
Ba ta yi kuka ba.
Ni kuma jini ya ɓalle, ya ƙi jin magana.
Leda biyu ake nema, ɗaya ce a ajiye.
Na Sahabi bai dace ba,
wayar yayana a kashe.

Mai keken nan yana nan ƙarƙashin dogon yaro,
kuɗinsa yake jira, ba wanda ya tuna da shi.
Ya ji ana kai da kawowa, ya naɗe hannun riga:
"Ku gwada nau, in ya yi ku ɗiba."
Ya yi.
Da asuba Sahabi ya fita da kuɗi a hannu,
ya tarar da bishiya da sawun taya.

Ran Alhamis na farka.
Na kai hannu ciki, na ji filasta, na ji fanko.
Ban tambayi kowa ba, tsoron amsa nake.
Sista Larai ce ta duƙo:
"Tana can cikin kwalba, ba ta kai kilo biyu ba,
amma faɗa take da duk mai taɓa ta."

Kwana huɗu nono bai zo ba.
Na yi kukan da ban yi wa ɗinkin ba.
Likita ya hana wankan ganye, ya hana kunun kanwa,
Inna ta yi fushi da shi har muka koma gida,
ta kuma ɓoye kanwar da kanta.

Yau Ramla wata biyar,
tana kama ɗan kunnena da ƙarfin da ban san inda ta samo ba.
In na tsaya shataletalen Dandima
ina duban fuskokin masu keke ɗaya bayan ɗaya.
Sahabi ya ce yana da wushirya, iyakar abin da ya riƙe ke nan.
Masu wushirya a Sakkwato sun fi a ƙirga.
Ina hawa, in sauka, in ce a bar canjin,
su bi ni da kallo.

Zoben yana nan a takardarsa.
Sahabi ya ce a kai a haɗa.
Na ce ba yanzu ba.