Shinkafa Ba Gishiri

Matakala ɗari da sha bakwai
daga kantin Griselda zuwa ƙofar Remigio,
can kan tudun Valparaíso, inda gidaje ke reto
kamar wanki a igiya.
Sau uku ya hau su da buhu a kafaɗa.
Sau uku buhun ya tashi a banza.

Na farko ja ne, mai hoton kaza, mai arha.
Botón ya ci kamar wanda aka biyo,
kafin gari ya waye ya mayar da shi duka
cikin takalmin maigida na hagu.
Na biyu, naman rago ne, in ji buhun.
Remigio ya ɗora tabarau a karan hanci,
ya bi ƙananan baƙaƙen da yatsa:
masara a gaba, alkama na biye da ita,
ragon na can ƙarshen layi
kamar baƙon da bai san mai biki ba.
Na uku ya lashe fanshon mako guda,
zawo kuwa bai san tsada ba.

Ɗan wata uku ne, kunne ɗaya a tsaye,
ɗayan ya ƙi tashi.
A bayan kasuwar kifi aka tsinto shi, cikin akwatin katako,
haƙarƙari a waje, ana iya ƙirgawa.

Likita Ilabaca ta latsa cikin, ta kasa kunne,
ta ɗaga leɓe ta duba dasashi.
Ta ce, "Ba tsutsa ba ce. Ciki ne mai saurin fushi.
Ka daina sauya masa kwano kullum.
Farar shinkafa, dafaffen kifi ba ƙaya,
cokali guda na kabewa,
kaɗan-kaɗan, sau huɗu a yini.
In sabon abinci zai shigo, ya shigo da sallama,
ya yi kwana bakwai yana cuɗanya da tsohon."

Da dare, garin neman murfin ƙaramar tukunya,
ya ci karo da takarda a ƙasan aljihun tebur,
ta yi rawaya, mai ya taɓa gefenta.
Hannun Herminia ne,
tun shekarar da gyambon ciki ya kwantar da shi:
shinkafa ba gishiri, kifi ba mai, kabewa.
Ban da kofi, ko da ya yi rantsuwa.

Shekara shida ke nan da ta tafi.
Shekara shida yana cin soyayyen kifi a takarda,
a tsaye, yana kallon jiragen ruwa,
ƙirjinsa na ci da wuta har tsakar dare.

Ya zauna. Tukunya ta tafasa ta yi ambaliya
bai tashi ba,
sai da Botón ya ja masa igiyar takalmi.

Kwano biyu ya raba.

A bayan takardar ya soma rubutu da fensir.
Litinin, ya riƙe.
Talata, ciki na ƙugi, amma ya riƙe.
Laraba komai ya rushe,
sai ga Maite, jikar maƙwabci,
tana zura cuku ta kafar shinge
da hannu ɗan mitsitsi da zuciya ɗaya.
Bai yi faɗa ba. Ya ba ta cokalin kabewa,
ya ce na rana aikinta ne daga yau.

Ran kwana tara, da sassafe, a matakala ta arba'in,
tsoho ya durƙusa da leda a hannu
yana duba abin da kwikwiyo ya ajiye,
mai ƙwari, ba wari sosai,
ya yi dariya shi kaɗai har tsuntsayen teku suka tashi.
Mai kifi ya ji labari, Griselda ma ta ji,
har da wanda bai tambaya ba.

Yanzu wuta ta daina cin ƙirjin.
Kofin dai yana satar rabin ƙoƙo,
ya juya wa tebur baya,
Botón na kallonsa da kunne ɗaya a tsaye.