Tsakuwa a Aljihun Kwat

Sati uku da dawowata Tudun Jukun,
sai yau Yalwa ta zazzage kwat ɗina
za ta ba mai wanki.
Tsakuwa ta faɗo, ta gangara ƙarƙashin gado.
"Malam, har da dutse a tsarabar?"

Na durƙusa da gwiwar nan mai ƙara, na lalubo ta.
Fara, sumul kamar ƙwan tattabara,
da zanen toka a gefe guda.

Rahanatu ce ta dage.
Baba, ka zo Kent ka huta,
ba jinya ba, ba suna ba, hutu kawai.
Ni da na yi shekara talatin da ɗaya a reluwe
ban san hutu ma ana ɗaura masa akwati ba.

Teku.
Na zaci yashi zan taka irin na bakin Galma,
ashe tsakuwa ce zalla, tana kuka a ƙarƙashin takalmi.
Ruwan ya zo ya kwasa, ya dawo ya zubar,
kamar mai awo da bai yarda da mudunsa ba.
Na tsoma yatsa, sanyi ya hau min har haƙori,
ga sa'annina can ciki suna iyo.
Wani farin tsuntsu, ya fi shirwa rashin kunya,
ya fizge soyayyen kifi daga hannuna.
Munzali jikana ya yi ta dariya
har ya zauna daɓas cikin ruwa.

Washegari Lirwanu ya tuƙa mu cikin ƙauyuka.
Hanya siririya, shinge hagu da dama,
in motoci biyu sun haɗu sai ɗaya ta ja baya,
kowa ya ɗaga wa kowa hannu.
Tumaki ƙosassu, an shafa musu shuɗi a gadon baya,
babu makiyayi, babu sanda.
Na tambaya ina mutanen gonar,
aka nuna min tarakta ɗaya can nesa.
Kore har ido ya ƙoshi.
Ni kuwa hankalina na kan masarata ta Shika,
ko yaran sun zuba taki na biyu.

Magariba sai tara ta wuce.
Rana ta ƙi tafiya, kamar baƙon da hira ta yi wa daɗi.

A wani tsohon gari mun biya kuɗi
don mu kalli bangon da ya rushe.
Wata yarinya riƙe da lema
ta faɗi shekarunsa, da wanda ya gina, da wanda ya fasa.
Ban ce uffan ba.
Ganuwar wajen Ƙofar Gayan nake gani,
da awakin da ke kiwo a kanta.

Amma jirgin ƙasa ne ya karya ni.
Mai kwal, irin wanda na tarar yana haki
shekarar da na kama aiki.
Tsofaffi ke kula da shi, ba albashi, don so.
Ya busa usur, hayaƙin ya shiga hancina,
sai ga ni a tashar Zariya,
jirgin Ƙaura na shigowa,
masu rake da dafaffen ƙwai suna bin tagogi,
marigayi Tanimu yana kaɗa tuta.
Wani tsoho mai baƙin hannu ya dube ni,
ya miƙo min tsumma.
Ban ji rabin Turancinsa ba.
Mun goge tagullar tare har ta nuna fuskokinmu.

Yalwa na tsaye da kwat a hannu.
Na ce, turare da shayi ai an raba,
wannan tawa ce.
Na ajiye ta a taga, kusa da rediyo.

Ruwan Agusta ya tsinke bisa kwano.
Jibi, in gwiwa ta yarda,
zan tari a-daidaita zuwa Sabon Gari
in ga ko tsohon kan jirgin nan na bayan loko yana nan.
Ki nemo min tsumma, Yalwa,
wanda ba kya so.