Hoto Mai Kilo Biyu

Shekara ashirin da shida ina wanke kwalaben gwaji
a wata makaranta a Tudun Wada.
Ban kai malami ba. Ni ne mai makulli,
mai goge sikeli, mai kunna wutar gas,
mai share gilashin da yara suka fasa.

Jiya Mudassir, ɗan ƙanwata, ya faɗo da waya a hannu
kamar wanda ya tsinci dami a kala:
"Kawu, an gano! Duniyar nan ba ta nan.
Hologiram ce,
irin tambarin nan mai walƙiya a katin banki.
Ni da kai da gadar Kawo, duk haske ne aka haska."

Na ce to, madalla.
Na miƙa masa dutsen awo mai kilo biyu,
na ce riƙe mini hoton nan in ɗaure takalmi.

Bai yi dariya ba. Ya nuna mini mutumin:
farar riga, tabarau, Turanci kamar an ɓalle famfo.
Ya faro daga taurari,
kafin minti bakwai ya sauka a kan awarwaro,
naira dubu goma sha takwas.
Wai tunda jiki hoto ne, ciwo ma hoto ne,
awarwaron zai daidaita hasken.
Mudassir na so ya saya wa uwarsa.
Hawan jini gare ta.

Nan raha ta ƙare mini.

Na tuna Malama Rifkatu,
wadda ta koyar da kimiyya a ɗakin nan
har alli ya dusar mata da murya.
An taɓa yi mata wannan tambayar.
Ta ce: akwai masana na gaske a kan wannan lissafi,
suna hasashen duk abin da ke cikin ɗaki
ana iya rubuce shi a jikin bango.
Lissafi ne mai wuya, ni ma ban ga ƙarshensa ba.
Amma su da bakinsu suke cewa: da saura, ba mu tabbatar ba.
Ba su ce kowa ya bar magani ba,
ba su kuma da shago.

Sai ta rataya ɗan ƙarfe a zare, ta sake shi yana lilo,
ta raba agogo, ta ce ku ƙirga,
wanda ya kama ni da kuskure ya ɗaga hannu.
Daga bakin ƙofa, da tsumma a hannuna, na gane:
mai gaskiya shi ke miƙo maka sandar
da za ka daki maganarsa.

Mudassir, ina sandar mutuminka?
In uwarka ta samu sauƙi, awarwaro ne.
In jiki ya ƙi, ita ce ba ta yarda sosai ba.
Ta ko'ina ka bi, riba tasa ce.
Ba a cinikin biri a sama, ɗana.

Ka manta daminar da kogin Kaduna ya shigo mana har gado?
Kwana tara muna kwasar laka da shebur.
Bayana bai manta ba.

Ban ce na san inda sama ta ƙare ba.
In an ɗauke wuta nakan zauna a dakali
in kalli taurari har wuya ya gaji,
in ji rashin sanina ya fi daren duhu.
Wataƙila masu lissafin su dace wata rana.
In sun zo da awo, zan cire musu hula.

Da la'asar muka je kemis ɗin Iliya,
muka sayo ƙwayoyinta na wata guda,
muka aro na'urar awon jini.
Ɗari da saba'in. Muka rubuta a bayan kalanda.
Jibi za mu sake aunawa.

Har yanzu yaron yana leƙen wayarsa.
Na bar shi.
Dutsen yana nan kan tebur inda ya ajiye.
Da safe na ɗora shi a sikeli, don kada in yi masa ƙarya.
Kilo biyu.