Kwalbar Tawada

Ni aka ba kwalbar tawada.
Teburin ƙarshe, dab da ƙofa,
a ajin da na koyi ƙidaya, lakwal ɗin Bilbis.
Wanda suka zaɓa ba na gani, wannan sirrin labule ne.
Yatsu kawai ke zuwa wurina.

Na Habsu ya zo da warin albasa,
na Zali da busasshen ƙullu a gindin farce.
Na Mantai, igiyar guga ta yi masa kanta
har tawada ta tsaya shawara kafin ta kama.
Wata ta miƙo hannu, lalle ya rine shi ƙirin,
muka yi ta dariya muna neman
inda ta rage wa gwamnati fili.

Tun hantsi layin mata ya wuce dogon yaro,
ya karya kwana kamar zai je Babaye shan ruwa.
Layin maza: mutum tara, sanda uku.
Sauran suna Abijan, suna Libiya, suna cikin waya,
suna aiko murya: ki dangwala inda na ce.
Habsu ta ce to.
Ta sa wayar a lalita, ta ja labule.

Da la'asar aka kawo Inna Tsahara a amalanke.
Ta riƙe wuyan hannuna, ba ta saki ba.
"Ɗiyar nan, ranar da aka ce mata sun samu ƙuri'a
a bakin sankira muka ji, ina kan turmi.
Kati ya zo da sunana.
Arzika, Allah ya jiƙan shi, ya haɗa da nasa a aljihu,
ya tafi, ya dawo, ya ce mun zaɓa.
Na ce wa muka zaɓa?
Ya ce a kai masa ruwa bayi.
Na yi shekaru ina zaɓe
ban san akwatin yana da baki ba."

Na tsoma mata. Ta ce ƙara.
Na ce Inna, sau ɗaya ne.
Ta ce ina bin bashi.

Ba zan yi ƙarya ba, na san yadda ake da mu.
Lokacin kamfe mu ne guɗa, mu ne tukunyar shinkafa,
mu ne atamfa mai fuskar mutum a baya,
mu zauna a kan gemunsa ba mu sani ba.
In an gama, sai sabulu biyu da godiya.
A takardar jam'iyya sunayenmu na can wutsiya,
an zuba kamar gishiri, don doka ta ce a zuba.
Barira ta samu kujera a meri.
Sau uku ta tashi a kan famfon Kurfeyawa,
sau uku aka ce mata an rubuta.
Bana ma ta sake tsayawa. Ta ce takarda tana ƙarewa.

Da dare muka juye akwati a gaban tocila.
Ɗaya, biyu, alli yana jan kara a allo.
Sai ga wata ba yatsa a kan kowa,
a gefe an zana famfo da biro, har da ɗigo biyu.
Shugaban tebur ya ce lalatacciya.
Aka ajiye ta ita kaɗai.
Duk daren ita ce ta fi kowa magana,
amma ba layin da zan rubuta ta.

Nawa yatsan na tsoma daga ƙarshe, kwalba ta kusa bushewa.
Jibi wanki zai fara cin sa, na sani.
Sai dai ina ta ganin Inna a amalanke
ta nufi gida, yatsa a sama,
ta kare shi da ɗaya hannun
kamar mai ɗebo wuta daga maƙwabta.