Ƙarar Taku

Ƙarfe shida, Sheffield ba ta gama farkawa ba,
yayyafi na taɓa rufin asibiti
kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.
Na kunna fitila a ɗakin ƙira na ƙasa,
babu taga, babu baƙo,
sai ƙafafun roba goma sha ɗaya jingine da bango
suna jiran masu su.

Jiya da dare Sallau ya kira ni daga Landan.
A Zariya gadonsa na sama, nawa na ƙasa,
kofi ɗaya muke jiƙa gari.
Yau hotonsa na bangon mujalla,
in ya yi tari a taro sai an rubuta.
Ya ce, "Barau, har yanzu kana cikin ramin nan?
Shekara goma sha huɗu kana gugar roba?
Taho mu haɗa kamfani, a sa sunanka jikin gilashi.
Abin da kake samu a shekara
ka kwashe shi tsakanin salla da salla."

Ban ce a'a ba.
Ƙarya nake in na ce raina bai biya ba.
Haya ta hau, motata sai ta yi tari uku take tashi,
Inna na tambaya daga gida
yaushe za a rufa ɗakin da na ɗora tun bara waccan.
Wanda ya ce ba ya son kuɗi, a laluba aljihunsa.
Suna kuwa, ai ni ma ina da kunne,
zai so ya ji an tafa.

Ƙarfe tara aka turo Mista Holis a keke.
Shekara talatin yana tuƙa bas a tuddan garin nan
kafin ciwon suga ya karɓe masa ta hagu.
Sau uku ina ƙera masa, sau uku tana cizonsa
a ƙasan gwiwa, wurin da fata ta yi laushi.
Daren Talata na zauna na kankare
abin da bai kai kaurin farce ba.

Ya zura. Ya miƙe. Ya dafa ƙarafa biyu.
Ɗaya.
Biyu.
A na biyar ya saki hannu bai sani ba.
Bai dube ni ba, ƙasa yake kallo,
ya ce, "Gobe ni zan sayo wa Morin madara."
Ko sunana bai iya ba, Baro yake ce mini,
ni kuma ina amsawa.
Baro ai kaya yake ɗauka.

Sai na tuna Baba a maƙerarsa ta Gumel.
Bai taɓa buga sunansa a jikin fartanya ba.
Amma in muka ratsa gonaki da damina
yakan ja burki, ya karkata kunne,
cikin fartanyu ashirin masu cin ƙasa
ya ce a hankali, "Waccan tawa ce,"
ya hau kekensa mu wuce.
Manomin bai ko ɗago ba.
A lokacin na ɗauka asara ce.

Ba na zargin Sallau.
Kowa da ƙishin da ke tashinsa da asuba,
nasa ya kai shi inda ake ganinsa.
Ni nawa ga shi can a baranda:
ƙwas, tif, ƙwas, tif,
yana nisa, yana nufar ƙofar fita.
Ko cikin taku ɗari zan gane shi.

Waya na haske a kan teburi, Sallau ne.
Zan ɗauka, amma ba yanzu ba,
hannuna duk farar ƙasa.
Ta gaba a layi ƙarama ce, tsawon kamu biyu,
ta wata 'yar shekara bakwai.
Ta ce lallai rawaya take so,
kuma a tabbata tana gudu.